Bishiyar Sukarin Usta Shehata

Usta Shehata bai taɓa kiran ciwon da sunansa ba. Shekara guda da rabi matarsa Awatif tana zirga-zirgar asibiti, aka yi mata aiki aka cire nonon hagu, aka yi ta ɗura mata magani har gashin kanta ya zube ya sake tsirowa fari fat, amma shi ko sau ɗaya bai ce ciwon daji ba. "Mugun abin nan" yake cewa, kamar kowa a layinsu. Ita kuwa Awatif ba ruwanta, da sunansa take kiransa, ko a gaban mai kayan miya ne.

Sana'arsa alewa, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne a garinsu. Tun yana ɗan shekara tara yake gaban tukunyar sukari a wani lungu bayan masallacin Sayyid Badawi a birnin Tanta, yau ga shi ya ba hamsin baya. Yana zuba amaren sukari, 'yan tsanar alewa na Mauludi, yana jan alewa a ƙugiya har ta yi fari, hannuwansa sun ƙone sun warke sun sake ƙonewa har sun daina kai ƙara. Amma duk tsawon jinyar nan abin da hannuwan suka iya shi ne riƙe mata jaka a barandar asibiti. Abin yana cinsa, bai gaya wa kowa ba.

Wata Laraba ta dawo daga ganin likita, ta tsaya a ƙofar shago ko zama ba ta yi ba.

"Abu Samih," ta kira shi da sunan ɗansu, "gobe ka sa riga mai kyau. Kana da aiki a jami'a."

"Shara za su ba ni ko gadi?"

"Sukari za ka koya musu."

"Ke dai har yanzu maganin nan bai sake ki ba."

"Kai ne bai sake ba. Saurara."

Ashe kafin a yi mata aiki wata likita mai suna Rabab, ba mai yanka ba, mai bincike, ta kawo mata takarda ta roƙi a ba ta ɗan yanki daga abin da za a cire. Awatif ta ce ta ɗauka mana, me za ta yi da shi, miya? Yau kuma bayan an gama duba ta sai ta hau bene takanas don ta ji me aka yi da namanta. Ta tarar da Dokta Rabab zaune gaban wani tire cike da karyayyen sukari, ido ya kawo ruwa.

"Na ce mata, sukari ne ya sa ki kuka? Ai ina da wani a gida, ba abin da ya sani a duniya sai shi."

"Na gode da yabo."

"Ƙarfe tara. Kuma ka aske gemun nan."

Ɗakin yana hawa na uku, sanyi kamar cikin firji, ko'ina fari. Suna shiga idonsa ya faɗa kan wani babban zane a bango, nonon mace an tsaga shi biyu, sai ya yi maza ya mai da kai ga takalminsa. Dokta Rabab ƙaramar mace ce, ba ta fi 'yarsa ta fari ba, tana magana da sauri kamar ana korar ta.

"Usta, dole ka kalli zanen nan, don shi za ka yi mana. Ka ga waɗannan hanyoyin masu rassa kamar bishiya? Ta nan ruwan nono ke bi. A bangonsu ciwon ke fara tsirowa. Mu kuma shekara da shekaru muna shimfiɗa ƙwayoyin jikin mace a kan faranti muna gwada musu magani. A faranti magani ya yi aiki, a jikin mace ya ƙi. Don ƙwaya a faranti ba a gidanta take ba. So muke mu gina mata gida irin nata, mu ga yadda take yi idan ta saki jiki."

"To ku gina mana. Ni magini ne?"

Wani dogon mutum mai ɗan zanen gicciye a wuyan hannu ya yi dariya. Shi ne Injiniya Girgis, abokin aikinta. Ya ɗauko wani akwatin gilashi da bai fi na ashana ba ya ajiye a gaban Shehata.

"Ga yadda muke so. Mu kwantar da bishiyar sukari a nan ciki, mu zuba mata wani abu mai kama da romon ƙafar saniya. Idan ya daskare sai mu tura ruwan ɗumi, sukarin ya narke ya fita, ya bar ramin siffarsa. Ramin nan shi ne gidan. Matsalar ita ce na'urarmu tana fitar da bishiyar, kafin mu ɗaga ta ta karye. Wadda ba ta karye ba kuma ta yi gumi ta lanƙwashe."

Shehata ya ɗauki ɗaya daga tiren, ya kai kusa da kunne ya karya. Ya jefa a baki ya tauna.

"Usta, ba a cin komai a ɗakin nan!" in ji Rabab.

"Ai ko an ce a ci ba mai ci. An sauke shi da wuri, kuma wanda ya tsara dahuwar bai san laimar garin nan ba. Da a shagona ne shayi zan zuba wa. Wane irin kauri kuke so?"

Girgis ya fara lissafo masa rabin milimita da rubu'in milimita.

"Injiniya, yi min maganar mutane."

Girgis ya sosa kai. "Gindin kamar zaren kunafa, siririyar taliyar zaƙin nan. Rassan kamar gashin wutsiyar jaki."

"To ka ga yanzu ka yi magana."

Sai da za su fita Rabab ta gaya masa sauran. Daga naman Hajja Awatif ƙananan kwalabe huɗu aka samu na ƙwayoyi, aka kwantar da su barci cikin sanyin da ya fi ƙanƙara. Uku sun salwanta a bishiyoyin na'ura. Saura ɗaya, daga ita babu wata, kuma ba wanda ke fatan a sake samu. A kan matakala Shehata ya riga matarsa sauka, abin da bai yi ba tun da ta kwanta.

Kwana biyu ya rufe shago ga masu saye. Ya dafa, ya ja zare, ya yanka, ya haɗa reshe da reshe a kan faifan dutsensa, ya zubar da abin da ya fi ɗari. Ranar Lahadi ya hau bene da kwalin alewa, a ciki bishiyoyi goma sha biyu kwance kan auduga, kowace ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, garau kamar gilashi.

Girgis ya ɗaga ɗaya da hantsaki, ya girgiza ta a hankali, ya ƙara girgizawa da ƙarfi. Ba ta karye ba. Ya kalli Rabab, Rabab ta kalle shi. Nan da nan ɗakin ya rikice. Suka sa bishiyoyin ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila mai kashe ƙwayoyin cuta, tun da in aka ce a tafasa su narkewa za su yi. Girgis ya tsoma su a wani ruwa da ke yi musu siririyar riga don kada su narke da wuri, aka zuba romo, aka jira ya kama, aka wanke sukarin ya fita. Sannan Rabab ta ɗauko sirinji da jan ruwa ta soka a gindin ramin ta danna.

Jan ya shiga gindi, ya rabu biyu, biyun suka rabu huɗu, huɗun suka watsu cikin ƙananan rassa har ƙarshe, jar bishiya tsaye a cikin gilashi ba abin da ke riƙe da ita.

"Ya Budurwa Maryam!" in ji Girgis. Ya kama kan Shehata da hannu biyu ya sumbaci sanƙonsa. "Wata goma sha huɗu! Wata goma sha huɗu muna fama, Usta!"

"Sake ni, kai. Wannan ai wasan yara ne."

Amma bakinsa ya ƙi rufuwa. Rabab kuwa tsalle take a wuri ɗaya kamar ba likita ba. A cikin wannan murnar ta yanke shawara. Ta zuba ƙwayoyin gwaji, irin na saye waɗanda ba sa ƙarewa, a gida uku don a tabbatar. Kuma don kada a ɓata lokaci ta ciro kwalbar Hajja ta ƙarshe ta tashe ta daga barci, tun da ƙwayoyin suna buƙatar kwanaki a faranti su farfaɗo.

"Idan an tashe su ba a mai da su," ta ce masa. "Sun yi kaɗan. Kwana goma suke da shi, ko ƙasa da haka, sannan su tsufa su daina komai. Amma ga gida mun samu, me za mu jira?"

Aka sa komai a akwatin ɗumi. Shehata ya leƙa ciki ya ce ai wannan maƙyanƙyasar kajin mutanen ƙauyen Birma ce aka yi wa fenti.

Ranar Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar jan alewa. Muryar Rabab ce, amma babu saurin nan.

Ruwan da ƙwayoyi ke sha launinsa kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa, muddin lafiya. Da ya isa ya tarar da gidajen uku sun koma rawaya, sun yi gurɓi kamar ruwan kwata. Ƙwayoyin gwajin duk sun mutu.

"Usta, don Allah gaya min duk abin da ke cikin sukarin nan."

"Sukari da ruwa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba ka sa komai don kada ya koma gari?" in ji Girgis.

"Lemun tsami mana."

"Ka ce sukari da ruwa!"

"To lemun tsami abu ne? Wa ke dafa sukari ba lemun tsami? Ka tambaye ni ko na kunna wuta ma."

Suka ɗora wa lemun tsami laifi, ko da yake Rabab ba ta gamsu ba, ta ce tsami zai iya juya launi amma wannan gurɓin na ƙwayoyin cuta ne. Girgis ya ba shi wani farin sukari na kwalba da zai maye gurbin lemun, da ruwan da aka tace, da safar hannu, da sabuwar tukunya. Shehata ya bi duk abin da aka ce, har faifan dutsensa ya wanke da barasar asibiti yana istigfari. Laraba ya kai sababbi, sun fi na farko kyau.

Juma'a yana fitowa daga masallaci wayar ta sake ƙara. Rawaya.

Ya zauna a bakin shago bai buɗe ba. Abincin rana Awatif ta yi masa mulukiya, miyar lalo, da zomo, ya tsoma burodi sau biyu ya ture. Kwana biyar sun tafi. Can a hawa na uku wani yanki na matarsa yana zaune a faranti yana jiran gida, shi kuma gidan da yake ginawa kashe mutane yake.

"Dokta ta ce gobe za su zo su ga yadda kake yi, tun daga kunna wuta," in ji Awatif.

"Su zo. Ni ba na ɓoye komai."

Asabar da safe shagon ya cika da mutum huɗu, don ba ya ɗaukar fiye da haka. Girgis ya tsaya kan tukunya da abin auna zafi. Rabab ta kafa waya tana ɗaukar hoton hannuwansa. Awatif ta zauna kan buhun sukari da kofin shayi, ta ce ita kallo ta zo.

Shehata ya sa safa, ya dafa, ya ɗiga a ruwan sanyi ya ji ƙarar, ya sauke. Ya ja zare ya yanka gindi, ya yanka rassa ya jera. Sannan ya fara haɗawa, hannu na tafiya kamar na mai ƙirga carbi, reshe, reshe, reshe. Minti biyu bishiya ta tsaya.

"Ban ga komai ba," in ji Girgis. "Wallahi ya fi mu tsabta."

Rabab ta sauke wayar, fuskarta ta faɗi.

"Ka lasa," in ji Awatif daga kan buhu.

"Me?"

"Ka lasa. Kowane reshe sai da ka kai shi baki."

"Ni? Ke, ki ji tsoron Allah a gaban baƙi."

"Shekara talatin da ɗaya ina kallonka kana ɗora wa amaryar sukari hannu idan ya karye. Da me kake liƙawa, da addu'a? Dokta, mai da hoton baya, ki sa shi ya yi tafiyar hawainiya."

Kawuna huɗu suka haɗu kan wayar. Ga hannun Usta ya ɗauki reshe. Ga shi ya taso sama kamar zai duba shi a haske. Ga kan harshe ya leƙo, ɗan mitsitsi, ya taɓa bakin reshen ya koma. Ga reshe ya manne. Sau bakwai a bishiya ɗaya.

Girgis ne ya fara fashewa, har sai da ya dafa bango. Rabab ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, ba a san na dariya ne ko na me ba.

"Shi ya sa fitila ba ta kashe su ba," ta ce da ta samu numfashi. "Fitila waje take wankewa. Su kuma suna ciki, a tsakiyar gaɓa, sukari ya rufe su. Da mun narkar sai mu sake su a cikin gidan da hannunmu."

Shehata bai yi dariya ba. Ya kalli hoton sau uku. Haka ubangidansa ke yi, haka wanda ya koya wa ubangidansa, kuma da za a sa shi ya dafa Alƙur'ani da safen nan zai rantse bai taɓa yi ba.

"Kuma mutanen Tanta shekara arba'in suna ci," in ji Girgis yana share ido.

"Ba wanda ya mutu."

"Ba mu ƙirga ba dai."

"Injiniya, bar ni in yi tunani."

Girgis ya ce a liƙa da ruwan da aka tace. Suka gwada, gaɓar ta yi laushi ta saki. Ya ce a liƙa da allura mai zafi. Suka gwada, wurin ya ƙone ya yi ƙulli baƙi. Shehata ya ture allurar.

"Ba za a liƙa ba. Ba gaɓa ko ɗaya. Daga dunƙule ɗaya zan ja ta, in tsaga da almakashi in ja, in sake tsagawa in ja, tun tana da zafi. Yadda muke fitar da ganyen dabino a kan tiren biki."

"Da wannan sirantar?" in ji Rabab. "Ka taɓa yi?"

"A'a."

Sai Rabab ta ce to a ɗakinsu zai yi, da takunkumi a baki, kuma gobe. Ta duba ƙwayoyin Hajja da asuba, sun fara faɗi suna baje jiki, alamar gajiya. Ba za su kai Laraba ba. Babu sauran lokacin gwaji da na saye. Abin da hannunsa ya fitar gobe, a ciki za a zuba su.

Lahadi suka shirya shi kamar mai shiga ɗakin tiyata: riga, hula, safa biyu, takunkumi. Awatif ta tsaya bayan gilashin ƙofa, da ta gan shi ta ce da haka ya zo neman aurenta da an fi saurin ba shi. Wurin aikin wani akwati ne mai buɗaɗɗen gaba, iska mai tsabta na busowa daga samansa ba tsayawa, hannu kawai ke shiga.

Iskar nan ita ta zame masa abokiyar gaba. A shagonsa sukari na ba shi minti guda kafin ya sandare. A nan kafin ya ƙirga goma ya zama gilashi. Ta farko ta karye a tsagar farko. Ta biyu haka. Ta huɗu ta kai rassa huɗu ta ɓalle, kuma da reshen ya ɓalle sai ga hannun Usta ya taso da shi ya dungure takunkumi.

"Na gani!" in ji Awatif ta bayan gilashi.

"Ki je ki zauna, don girman Allah!"

Aka canza masa safa. Ya ce a kashe iskar, Rabab ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a kashe ba. Ya ce to a kawo masa zafi. Girgis ya ruga ya dawo da wani faifan ƙarfe mai ɗumama kwalabe, ya goge shi da barasa ya tura ciki. Shehata ya shimfiɗa bayan hannu a kansa.

"Ƙara. Ƙara. Tsaya nan. Kada ka taɓa shi ko gini na faɗuwa."

Daga nan abin ya fara sauya. Ya gane idan ya yi aikin dab da faifan, yatsu biyu sama da shi, sukarin na ba shi numfashi uku a kowace tsaga. Ta bakwai ta kai rassa shida. Ta tara ta cika takwas amma gindin ya yi kauri. Gumi na gangaro masa cikin ido, Rabab na goge masa goshi da auduga kamar babban likita. Ya ɗebo dunƙule na goma sha ɗaya, ya ja gindi, ƙyas, ya tsaga, ya ja biyu a tare da hannu biyu, ƙyas, ƙyas, ya ja, ya juya, ya sake tsagawa, almakashin na ƙara kamar na wanzami, rassan na fita sirara suna sheƙi, har na takwas ya miƙe ya tsaya.

Ya janye hannu a hankali.

"Auna," ya ce.

Girgis ya auna, ya sake aunawa. "Kamar da na'ura."

"Kada ka zage ni."

Ya ƙara biyu kafin sukarin tukunyar ya ƙare. Da la'asar Rabab ta ɗauko farantin Hajja daga akwatin ɗumi, ta tattara ƙwayoyin cikin sirinji ɗaya, ɗan ruwa da bai cika cokalin shayi ba. Ta ce bismillah, Girgis ya yi alamar gicciye, ta raba shi gida uku. Shehata ya juya baya, bai iya kallo ba.

Kullum ƙarfe takwas na safe yana kiran ta, ba sallama ba gaisuwa.

"Wane launi?"

"Zoɓo, Usta."

Talata ma zoɓo. Wannan ita ce ranar da na baya suka juya, don haka ya sake kira da azahar, ya sake da la'asar, har ta ce idan ya ƙara za ta rufe wayar. Laraba zoɓo, amma ta ce launi ba shi ne ƙarshe ba, sai an ga ko sun kama bango sun zauna, ko suna yawo ne kawai a ciki. Alhamis ita ta riga shi kira.

"Ku zo. Kai da Hajja. Yanzu."

"Lafiya?"

"Usta, ku zo kawai!"

Ya bar tukunya a hannun maƙwabci, suka tari tuk-tuk, babur mai ƙafa uku, Awatif na faɗa wa direba ya yi sauri shi kuma yana faɗa masa ya yi a hankali akwai mara lafiya, ita tana cewa wa ye mara lafiyar.

Rabab ta haɗa madubin nan mai ƙara girma da wani allo, ta kashe fitilar ɗaki. A allon ga wani rami zagaye, kuma a bangonsa ga wasu ƙananan abubuwa kore sun jeru kafaɗa da kafaɗa, sun zagaye shi kaf ba giɓi, kamar ginin bakin rijiya. Ta murza wani abu, hoton ya bi ramin ciki, ya kai inda ya rabu biyu, nan ma sun shimfiɗe bangon, har cikin ƙananan rassa.

"Gida biyu cikin uku," in ji Rabab. "Sun kama, sun jeru, sun san sama sun san ƙasa. A faranti ba su taɓa yin haka ba. Hajja, wannan ke ce."

Awatif ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga kai ta kai hannu baki ta rangaɗa guɗa, irin wadda ba ta yi ba tun bikin Samih, har mutanen ɗakin gaba suka fito baranda da fararen rigunansu suna tambayar wa ya haihu.

Shehata na tsaye a baya, hannu a aljihu.

"Dokta. Waɗannan masu lafiya ne?"

"Waɗannan da suka jeru, e."

"Shi fa?"

Rabab ta gane. Ta murza a hankali har hoton ya tsaya kan wata gaɓa. A nan layin ya lalace. Wasu ƙwayoyi sun ƙi jeruwa, sun hau kan juna sun yi tsibi, sun fara cushe ramin.

"Ga shi nan. Da a faranti ne ba za mu bambanta su haka ba. Yanzu muna ganin ta inda yake farawa, kuma za mu iya tura masa magani ta cikin hanyar mu ga me zai yi. Ba yau ba, Usta, kuma ban ce mun samo magani ba. Aikin shekaru ne."

Ya zo gaban allon. Ya sunkuya, ya ƙura ido, ya daɗe.

"Wannan ne? Wannan ɗan abin?"

"Shi ne."

"Ɗan banza," ya ce da allon, a hankali, kamar mai magana da wanda ya daɗe yana nema. "Kai ne ka tsai da ni a baranda. To ga ka a cikin gidan da na gina, ba ƙofa."

Awatif ta ja hannun rigarsa. "Ya isa, kada ka fasa musu allo."

Ya miƙe, ya share fuska da tafin hannu, ya juya ga Rabab.

"Mata nawa ne ke da kwalabe a cikin sanyin nan?"

"Talatin da bakwai."

"Kowace gida uku?"

"In an samu biyar ya fi."

Ya ɗaga ido sama yana motsa baki. "Lahadi da Laraba zan riƙa zuwa, bayan azahar. Injiniya, faifan nan naka ƙarami ne, ka nemo wanda ya fi shi faɗi. Kuma almakashinku ba shi da kaifi, zan zo da nawa ku dafa shi."